Kwamfutar tebur da ɗaukewar wuta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Gadarif, nan Sudan, kuma tun da jirage marasa matuƙa suka kai hari tashar lantarki ta madatsar Marawi a 2025, wuta ba ta da tabbas. 'Yan'uwa da yawa na kawo mini kwamfutocinsu suna cewa sun ƙone, alhali yawancinsu lafiyarsu lau.

In kwamfuta ta ƙi tashi bayan an kawo wuta, a zare wayarta daga soket, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 don sauran cajin da ya maƙale ya fita, sannan a mayar. Sau da yawa shi ke nan.

Wanda yake so ta riƙa tashi da kanta in an dawo da wuta, misali mai kyamarar tsaro, ya shiga BIOS, wato shafin saitin farko na kwamfuta, ta hanyar danna F2 ko Del yayin kunnawa. A sashen lantarki akwai zaɓi uku: ta zauna a kashe, ta kunna, ko ta koma yadda take. Ya zaɓi kunnawa, ya adana. In ta riƙa manta saitin, agogonta kuma na rikicewa, ƙaramin batirin da ke cikin kwamfutar, mai suna CR2032, ne ya mutu, kuma ba shi da tsada.

Amma ni ban yarda a yi wannan saiti ba tare da sitabilaiza ko UPS (na'ura mai batiri da ke riƙe wuta na ɗan lokaci) ba. Wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ce ke kashe kaya, kuma takardun mutane, musamman na waɗanda yaƙi ya koro daga Khartum, amana ce a hannunmu.

Wassalam,
Mai shagon buga takardu,
Gadarif, Sudan