A bar mutanen gida su zaɓi waƙarsu

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in tofa albarkacin bakina kan shirinku na nishaɗi, inda aka tattauna yadda ƙasashe ke fitar da waƙar da za ta wakilce su a Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai. Baƙon da kuka gayyato ya ce wai gara a bar wa ƙwararru zaɓen, su nemo waƙar Turanci da kowa zai fahimta. Ban yarda ba, kuma tarihin gasar ma bai goyi bayansa ba.

Gidan talabijin na kowace ƙasa ne ke aika waƙa, shi ke kuma yanke yadda za a zaɓe ta. Wasu a ofis suke zama su tsayar da mawaƙi, wasu kuwa gasa suke shiryawa a gida, jama'a su kaɗa ƙuri'a. Sharuɗɗan ba su da yawa: kada waƙa ta wuce minti 3, kada masu hawa dandamali su wuce 6, kuma ba ƙasar da ke zaɓen kanta. Wannan na ƙarshen ne ke ruɗin masu zaɓe a ofis. Tunda maki daga waje zai zo, sai su shiga kirdadon abin da 'yan waje ke so. Da aka cire dokar rera waƙa da harshen gida a 1999, haka ƙasashe suka yi tururuwa zuwa Turanci, har waƙoƙin suka koma kamar 'yan gida ɗaya.

To, a duba Fotugal. Tun 1964 take shiga, ba ta taɓa ɗaukar kofi ba sai 2017. Da me ta ci? Da waƙa mai sanyi cikin harshen Fotugal, wadda ta fito daga gasarsu ta gida, Salvador Sobral ya rera ta shi kaɗai, babu 'yan rawa, babu tartsatsin wuta. Maki 758 ya kwasa. Yawancin waɗanda suka zaɓe shi ko kalma ɗaya ba su ji ba, zuciyarsu ce ta ji.

Shekarar 2021 ta fi ba ni mamaki. Italiya ta zo ta ɗaya da Italiyanci, Faransa da Suwizalan suka bi bayanta, dukansu da Faransanci. Ƙungiyar Måneskin da ta ci, sai da ta fara lashe bikin waƙa na Sanremo, wanda Italiya ke yi tun 1951, shekara 5 kafin a haifi Eurovision ɗin kanta. A wannan daren Birtaniya, mai Turancin, ta tashi babu maki ko ɗaya, daga alƙalai har 'yan kallo, kuma ba jama'a ne suka zaɓi waƙar ba.

Na san za a ce ai da shekara ta zagayo, ta hanyar zaɓen ofis ɗin nan Birtaniya ta tsayar da Sam Ryder ya zo na biyu. Gaskiya ne, ofis kan dace wani lokaci. Amma idan ya yi kuskure, 'yan ƙasa ba su da ta cewa, alhali da tutarsu aka fita. Siwidin kuwa makonni take yi tana tankaɗe da rairaya gari-gari a gasarta ta gida mai suna Melodifestivalen, kuma sau 7 tana cin kofin Eurovision. A 2025 ma waƙar barkwanci kan wankan surace ce ta kayar da mawaƙin da ya taɓa ciyo musu kofin a 2015. Ita ce ta farko da suka aika da harshensu tun 1998, ta kuma zo ta huɗu a Eurovision ɗin da aka yi a birnin Basel.

Roƙona, Edita, idan za ku sake wannan shiri, ku haɗa baƙon naku da wani mai ra'ayi irin nawa, ku kuma sa mana waƙar Sobral mu ji ko zai maimaita maganarsa.

Naku,
Wani mai sauraronku kullum