Laulayi ba raki ba ne, a tausaya wa matanmu

Assalamu alaikum Edita, da fatan ana lafiya.

Daga nan Makka nake rubutowa, kan wani abu da ya daɗe yana ci min rai. Ƙanwata na da ciki wata 2, ko ƙamshin kabsa (dafa-dukar shinkafar Larabawa) ko turaren wuta ta ji sai amai, ga miyau kamar an kunna famfo, da gwangwani take yawo a ɗaki saboda in ta haɗiye zuciyarta tashi take. Amma wai dangin miji cewa suke raki ne. Haba jama'a!

Ni na haifi huɗu, na san abin nan. Yawanci yana farawa wajen sati na 6, ya lafa bayan sati 12 zuwa 16. Abin da ya taimake ni, busasshen biskit kafin in sauko daga gado, abinci kaɗan kaɗan kar ciki ya zauna wayam, shayin citta, sai tsotsar lemon tsami ko ƙanƙara ko cingam don miyan nan. Ƙwayar ƙarin jini ma tana ƙara tashin zuciya, a faɗa wa likita ya canza lokacin sha, kar a daina da ka.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne zafin garin nan, mace tana amai ruwa baya zama, fitsari ya yi ja, jiri na ɗibarta, don Allah maigida ka ɗauke ta zuwa mustashfa, wato asibiti, a sa mata ruwa, kar a tsaya jiƙe-jiƙe ko sayen magani a saidaliyya, wato kantin magani, ba takardar likita.

Taku,
Wata uwa daga Makka