Rahoton Ayyukan Shekara Zuwa ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Masu Sana'ar Hannu a Daura

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawan ƙungiya da 'yan uwa maza da mata, ga bayanin abin da shugabanninku suka gudanar a shekarar da ta ƙare.

Babban abin da muka sa a gaba shi ne samun mazauni guda ranar kasuwa. A da, kowa inda ya samu inuwa nan yake baza kayansa, masu tukwane can bayan 'yan awaki, masu tabarma kuma a bakin hanya inda ƙurar motoci ke sauka a kansu. Bayan zaman da muka yi da sarkin kasuwa, an ba mu wuri dab da 'yan hatsi, muka kafa rumfa da kuɗin ƙungiya. Muna da dalilin nacewa a kan wannan wuri, domin manomin da ya kawo gero ko wake daga Sandamu ko Ɓaure, da zarar an auna masa ya karɓi kuɗinsa, a nan yake tuna faifai da ludayin da uwargida ta yi masa saƙo, kuma idan bai gan su a kusa ba sai ya hau mota ya tafi.

Aikin da ya fi kwanta mana a rai shi ne littafin da muka buɗe domin matan da ke saƙa da ɗinki a cikin gida. Yawancin faya-fayan da muke sayarwa da hulunan da ake ɗinkawa da hannu aikinsu ne, amma su ne ba sa ganin yadda ciniki ya kaya, sai abin da ɗan aike ya kawo. Yanzu duk kayan da aka kawo rumfa ana rubuta sunan mai su da adadinsu da farashin da ta yanka, bayan la'asar kuma a lissafa a aika mata da kuɗinta. Akwai wata gyatuma da jikarta ke kawo faya-fayanta a ƙunshe cikin tsohon zane. Ranar da aka fara mayar mata da kuɗin cif, sai ta aiko a tambaya ko an yi kuskure ne an haɗa da na wata. Muna roƙon kada wanda ya karɓi kayan mace ba tare da an shigar da su littafi ba, ko da kuwa mahaifiyarsa ce.

Kamar yadda aka saba, ciniki ya buɗe da kaka, lokacin da amfani ya zo gida kuma bukukuwan aure suka kankama, randuna da turame da adudai suka tafi sosai. Baƙin da suka zo Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, waɗanda da yawansu kan biya ta rijiyar Kusugu, sun fi sayen ƙananan kaya masu sauƙin ɗauka, irin su mafici da jakar fata da ƙwarya mai sassaƙa, don haka ya kamata dukawa da masu gyaran ƙorai su fara tanadi da wuri.

Da damina kuwa mun yi asara, kuma laifin namu ne mu shugabanni. Mun jinkirta sayen tamfol, ruwa ya sauko ana tsakiyar kasuwa, tabarmi suka jiƙe, aka naɗe su da danshi, kafin mako ya zagayo sun yi fumfuna. Mun biya masu su wani abu daga asusu, mun kuma sayi tamfol ɗin.

Tsadar kayan aiki har yanzu tana ci mana tuwo a ƙwarya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin dako ya tashi, kuma ko da yake an sake buɗe iyakar Nijar a watan Maris na 2024, kabar da ke shigowa ta Kongolam ba ta koma tsohon farashinta ba. Ga tabarmar roba tana gasa da mu. Duk da haka ba mu goyon bayan karya farashi, domin wanda ya kwashe kwanaki yana saƙa ya sayar a kuɗin kaba, ya cuci kansa ya kuma ɓata wa na kusa da shi ciniki.

Game da masu biya ta waya, kada a saki kaya sai an ga kuɗin sun shiga asusu, saboda an taɓa nuna wa ɗaya daga cikinmu saƙon bogi aka tafi da takalmansa. Adashe yana tafiya, sai dai wasu na jinkirta zubi, ma'aji zai karanta cikakken lissafi a taron shekara. A nan ne kuma za a yanke shawara kan ɗakin ajiya da masu tukwane suka nema kusa da kasuwa, domin kayansu na fashewa a hanyar kai da komo.

Wassalam.
Sakatare, a madadin shugabanni