Wasiƙa zuwa Dammam: kafin ka ajiye aikin

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya zafin Dammam? Saƙonka ya iso, na kuma karanta lissafin shagon dabino da turare da darduma da kake son buɗewa a unguwar Misfala, nan Makka. Allah ya sanya albarka. Ba zan ce kada ka yi ba, domin ka san kaya, ka kuma iya magana da alhazai. Abin da ya hana ni sukuni shi ne lissafin naka na shago ne zalla, ban ga gida a cikinsa ba.

Fara da ranar da za ka miƙa takardar ajiye aiki. Ka ce shekararka 9 a kamfanin. A dokar ƙwadago ta Saudiyya, kuɗin sallama rabin albashin wata ne a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan albashin wata cikakke a kan kowace shekara bayan haka. Amma wanda ya ajiye da kansa tsakanin shekara 5 zuwa 10, kashi biyu cikin uku kawai ake ba shi. A ce albashinka riyal 8,000 ne. Ka fita yanzu, haƙƙinka 52,000 ne a rubuce, a hannu kuwa bai kai 35,000 ba. Ka cika goma, 60,000 ne cif. Haƙurin shekara ɗaya ya fi riyal 25,000. Don Allah ka daure. Kuma kada ka sa rai da Sanid, wato tallafin waɗanda suka rasa aiki, ba a ba wanda ya bar aiki don raɗin kansa.

Akwai abubuwan da albashi yake ɗauke muku ba ku ji nauyinsu ba. Katin inshorar lafiyarku na kamfani ne, aikin na ƙarewa yake mutuwa. Asibitin gwamnati kyauta ne tunda kuna da takardar ɗan ƙasa, sai dai akwai layi da jiran ranar ganin likita. In akwai mai shan magani kullum a gidan, ko uwargida na da juna biyu, a buɗe fayil a asibitin unguwa tun katin yana aiki. Haka fansho. Yanzu kai ke biyan kashi 9 cikin ɗari, kamfani ya biya 9. In kana so shekarunka su ci gaba da ƙirguwa bayan ka fita, kai za ka biya 18 ɗin duka. A nan mutane ke sakaci: watan farko a ce sai kasuwa ta buɗe, kafin a farga an yi shekara uku.

Kasuwar Makka kuwa ka san halinta. Azumi da Hajji su ne kakarta, alhazai na watsewa ta yi sanyi. Amma ciki bai san wannan ba, mai gidan haya ma haka, kuma yawancinsu kuɗin shekara suke so a dunƙule ko kashi biyu. Haya biyu za ta hau kanka, ta gida da ta shago. Saboda haka ka ware kuɗin cefane da haya da wuta na wata shida a wani asusu daban, kada su shiga jari ko da an kawo maka dabinon ajwa a rabin farashi. Ka yanka wa kanka albashi, ranar ɗaya ga wata ka miƙa wa uwargida kuɗin gida kamar yadda ta saba. Abin da ke karya ƙananan shaguna shi ne hannun da ke shiga aljihun teburi: yau hamsin na gas, gobe ɗari na kayan makaranta, ba a rubuta ba. Ƙarshen wata ba ka san riba ka ci ko uwar kuɗi ba, ita kuma ta koma roƙon abin da da haƙƙinta ne.

Ka zauna da ita, ka nuna mata alƙaluman da idonta, kada ta ji labari a bakin ƙannenka. Ita za ta ɗauki rabin wannan shago ko ba ta taka ƙofarsa ba. A azumi ciniki sai bayan tarawihi, har zuwa sahur. Za ka shigo yara na barci, su fita kana barci. Kai su makaranta, duba karatunsu, zuwa asibiti da dare, duk sun koma kanta, a garin da ta bari shekaru. Ka tsayar da yini ɗaya a mako da wani zai riƙe shagon, ka sa ladansa cikin lissafi tun yanzu. In ta ba ka gwal ɗinta ka ƙara jari, bashi ne. Ku rubuta nauyinsa da ranar biya, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta.

Sai maganar ɗan yayarka mai igama (takardar zaman baƙo, ba ɗan ƙasa ba) da kake so ka bar wa shagon da sunanka, ku raba riba. Aminina, wannan shi ake kira tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Gida biyu zai rusa, naka da na yayarka. In za ka ɗauke shi, ya zama ma'aikaci ta hanyar doka, da albashinsa ta banki, kuɗin ciniki kuma su shiga asusun shago. 'Yan uwa masu karɓar kaya bashi su ma a buɗe musu littafi, a sa wa kowa iyaka tun ranar farko, don hana mutum daga baya ya fi ciwo.

Rajistar kasuwanci da lasin baladiyya, wato hukumar gari, ba za su ba ka wuya ba. Ka dai lura, cinikin shekara na haura riyal 375,000 rajistar harajin VAT na kashi 15 cikin ɗari ta zama dole, kuma wannan kuɗi ba naka ba ne, kada ya shiga tukunya. Ƙaura kuma ku bari sai dogon hutu, a sauya wa yara makaranta ba tare da sun rasa zango ba.

Turo mini ainihin ranar da ka fara aiki da kuɗin da gidanka ke ci a wata, mu sake lissafin tare. Ka gaishe da uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Amininka, daga Makka