Godiya ga ma'aikatan Asibitin Ƙashi na Dala kan aikin canjin gwiwa da ƙugu

Zuwa ga Shugaban Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala, Kano, da likitocin tiyata, da likitocin kashe jiki, da nas-nas na ɗakunan kwanciya, da ma'aikatan sashen gashin ƙashi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto wannan takarda masu jinya ne a birnin Kano, a cikinmu akwai tsofaffin ma'aikatan lafiya, kuma mun daɗe muna ɗawainiya da iyaye da ƴan uwa da aka yi wa canjin gwiwa ko na ƙugu a wurinku. Yabon gwani ya zama dole. Mun zaɓi mu yi godiyar a fili ne domin wanda aka sa wa ranar tiyata yana fargaba ya karanta, ya san abin da ke gabansa.

Tun 1959 asibitin nan ke karɓar masu karaya da ciwon gaɓɓai, daga Kano da jihohin da ke kewaye da ita har da maƙwabtanmu na Nijar. Ƙwarewarku a ɗakin tiyata ba sabon labari ba ce. Abin da ya fi burge mu shi ne kun gane cewa aikin kansa awa ɗaya zuwa biyu ne, amma nasararsa tana rataye da makonnin da suka gabace shi da watannin da za su biyo baya. Kun kuma gane cewa Bakano a ƙasa yake rayuwarsa: a tabarma yake zama, a ƙasa yake cin abinci, katifarsa a ƙasa take, masai na tsuguno ne, ga ruku'u da sujada sau biyar a yini. Shawarar da ba ta yi la'akari da wannan ba, a bakin ƙofar asibiti za ta tsaya.

Masu zuwa wurinku don wannan aiki iri uku ne galibi. Akwai dattawan da guringuntsin gwiwarsu ya cinye har ƙashi yana gogar ƙashi, ƙafa ta lanƙwashe, dare ya gagari barci. Akwai matasa masu sikila, wasu ba su kai shekara 30 ba, waɗanda jini ya daina isa kan ƙashin cinyarsu har ya mutu ya ruɓe, ƙafar ta gajarce. Sai tsofaffin da santsi ya kwashe a banɗaki wuyan ƙashin cinya ya karye. Waɗannan na ƙarshe su ne aka fi kai wa masu ɗori tukuna, alhali karayar a can cikin mahaɗa take, inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kuma sau da yawa jijiyoyin da ke shayar da kan ƙashin sun tsinke tun ranar faɗuwa. Mun gode da yadda kuke karɓar irin waɗannan majinyata ba tare da gori ba, ko da sun zo a makare.

Mun gode da yadda kuke zaunar da mutum ku nuna masa a hoton ƙashinsa abin da za a cire da abin da za a sa. Da yawa suna zuwa da tunanin za a yanke gwiwar gaba ɗaya a jona ƙarfe. A'a. Fuskar ƙashin da ta lalace ake sassaƙewa, a rufe ƙarshen ƙashin cinya da ƙarfe mai santsi, a ɗora faranti a kan ƙashin ƙwauri, a sa roba mai tauri a tsakaninsu, wani lokaci a ƙara ƴar roba a bayan ƙoƙon gwiwa. A ƙugu kuma sassa huɗu ne: gurbi na ƙarfe da ake kafawa a ƙashin ƙugu, da robar da ke cikinsa, da ƙwallo na ƙarfe ko tangaram mai faɗin milimita 28 ko 32 ko 36, da sandar da ake zurawa cikin ƙashin cinya. Ko a kafa ta da simintin ƙashi, ko a danna ta tsam a bar ƙashi ya tsiro ya kama ta. Wannan tsari na ƙarfe kan roba ya samo asali daga aikin likitan ƙashi John Charnley a Ingila a 1962, kuma binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2019 ya nuna wajen kashi 58 cikin 100 na ƙugun da aka dasa, da kashi 82 na gwiwa, suna kai shekara 25. Alƙaluman ƙasashen waje ne, kuma matashi ya fi tsoho saurin cinye robar, shi ya sa gaskiyar da kuke faɗa wa matasa cewa wataƙila a sake aikin wata rana ta fi a yi musu daɗin baki.

Wani lokaci majinyaci kan ji haushi in kun ɗaga ranar aiki. Mu dai mun san dalili, kuma muna yaba muku da kuke tsayawa a kai. Ƙarfe ba shi da jini, don haka in ƙwayar cuta ta maƙale masa magani ba ya kai gare ta yadda ya kamata, ƙarshenta sai an sake buɗewa an wanke, ko a cire dashen gaba ɗaya. Wannan ne ya sa ruɓaɓɓen haƙori, ko maruru, ko gyambo a ƙafa, ko ciwon fitsari ya isa ya dakatar da aiki. Haka sukarin da bai daidaita ba, da hawan jini, da ƙarancin jini. Wanda aka yi wa allurar kashe ciwo a cikin gaɓar ana so ya jira wata 3. Mai shan taba ya aje ta mako 4 zuwa 6 kafin ranar, domin tana hana ciwo haɗewa. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe a dakatar da su mako 2 kafin aiki, magungunan tsinka jini irin su asfirin kuwa likita ne zai faɗi ranar da za a tsaya, ba majinyaci ba. Kada a aske wurin da reza a gida, ƙananan yankan da ido ba ya gani ƙofa ce ga cuta. Ranar aiki ba a cin komai aƙalla awa 6, kuma koko da kunu da shayi mai madara duk abinci ne. Mai sikila kulawarsa ta fi haka: a ɗaga jininsa zuwa wajen kashi 30 a ma'aunin yawan jini da ake kira PCV, a ba shi ruwa isasshe, a kare shi daga sanyi, a tanadi jini da masu bayarwa tun da wuri.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a nan ne shawararku kan gyaran gida ta fi amfani. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in mutum ya zauna, kada gwiwarsa ta fi ƙugunsa tudu. Ke nan kujera mai tauri mai hannuwa, tsayin wajen santimita 45 zuwa 50, ba kushin mai nitsewa ba, ba kujera ƴar tsuguno ba. Katifar ƙasa a ɗora ta a gado. A samo kujerar bahaya mai rami a tsakiya a kafa a kan masai, ko kafinta ya haɗa ta. A naɗe tabarmi da dardumomin da ke hanya, a ɗebe wayoyin caji daga ƙasa, a aje tocila kusa da gado saboda fitsarin dare in an ɗauke wuta. In ɗakin majinyaci a bene yake, a sauko da shi ƙasa.

Nas-nas da ma'aikatan gashin ƙashi, ku ne kuke shan harara ranar da kuka ce mutum ya miƙe washegarin tiyata. A al'adarmu jinya kwanciya ce, masu dubiya kuma kowa cewa yake "a bar shi ya huta mana". Kwanciyar nan ce ke sa jini ya daskare a jijiyar sha-raɓa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, kuma wannan yana kisa. Saboda haka ne kuke sa a riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa sau 10 zuwa 20 kowace awa, a miƙe da sandar nan mai ƙafa huɗu, a kuma ci gaba da maganin hana daskarewar jini bayan sallama, wajen kwana 14 ga mai gwiwa, kwana 28 zuwa 35 ga mai ƙugu. Mutane kan bar shi da sun ji sauƙi, kuskure ne babba. Sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe, ba a jiran ranar ganin likita.

Mai sabon ƙugu, musamman in ta bayan ƙugun aka yanka wajen aikin, abu uku kuke nanata masa na mako 6 zuwa 12: kada ya lanƙwasa ƙugu ya wuce digiri 90, kada ya harɗe ƙafafu, kada ya murɗa ƙafar ta kalli ciki. Naman da ke riƙe mahaɗar bai gama haɗewa ba, ƙwallon na iya gocewa daga gurbinsa. A aikace wannan na nufin matashin kai tsakanin cinyoyi in za a kwanta, babu sunkuyon ɗaukar buta ko sa takalmi, babu durƙuson gaida manya, manyan ma za su yi uzuri. Wanke ƙafa a alwala wani ya taimaka. Salla a kan kujera mai tudu, ruku'u da sujada da ishara, kuma hadisin Imrana ɗan Husaini ya riga ya ba mara lafiya damar yin salla a zaune in ya kasa tsayuwa. Adaidaita sahu a haƙura da shi a wannan lokaci, kujerarsa ta yi ƙasa ga jijjiga. Kujerar gaban mota aka fi so, a tura ta baya, a fara zama sannan a shigo da ƙafafu tare.

Mai gwiwa kuma nasa yaƙin da sandarewa ne. Ana so ta miƙe sarai, ta kuma lanƙwasu digiri 90 cikin wajen mako 2, ta doshi 110 zuwa 120 kafin wata 3. Matashin kai a ƙarƙashin gwiwa yana da daɗi, amma shi ke sa ta warke a tanƙware, mutum ya dawwama yana ɗingishi. A ƙarƙashin diddige ake sa shi. A sha maganin ciwo wajen rabin awa kafin atisaye, bayan an gama a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15 zuwa 20. Ba a gasa wurin ɗinki da ruwan zafi, ba a shafa masa man zafi ko wani haɗi. Wanda ya yi sanyin jiki da atisaye tabo zai ɗaure gaɓar ta ciki, har ta kai sai an sa shi barci an lanƙwasa ta. Sanda a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa ake riƙe ta. Hawan bene da lafiyayyar ƙafa ake farawa, saukowa da wadda aka yi wa aiki.

Zare ana cire shi kwana 10 zuwa 14, kafin nan bandeji ya zauna a bushe, abin da ke buƙatar lura a zafin bazarar Kano da gumi ke jiƙa komai. Kumburi da ɗumin gwiwa na watanni, da ƴar ƙarar ƙas-ƙas, da mutuwar fata a gefen tabo, duk ba abin tsoro ba ne. Zazzaɓi, ko ja mai bazuwa, ko ruwa ko mugunya daga ɗinki, wannan kam a dawo asibiti ranar, kada a fara sayen maganin kemis a ɓoye alamar. Ko bayan shekaru, mai dashe ya riƙa gaya wa likitan haƙori cewa yana da ƙarfe a jiki, ya kuma riƙa zuwa ana ɗaukar hoto ko ba ya jin komai.

Roƙonmu guda ne, ranku ya daɗe: a yawaita takardun wannan bayani da Hausa, boko da ajami, a kuma riƙa kiran wanda zai yi jinyar a gida ya zauna a wurin bayani tun kafin tiyata, domin shi ne zai ɗaga ƙafar da tsakar dare.

Allah Ya saka muku da alheri, da masu shara da masu tura keke da masu gadi da ba mu ambata a sama ba. Allah Ya ƙara basira, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wasu masu jinya da iyalan majinyata, birnin Kano.