Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar 2025, daga teburin sakatare

Assalamu alaikum wa rahmatullah iyayenmu maza da mata, yayyenmu da ƙannenmu na nan Jidda da waɗanda ke karantawa daga Makka. Ga rahoton bana kamar yadda muka saba, lissafin kuɗi ma'aji zai turo daban a guruf, ni nawa bayanin aiki ne kawai.

Ayyukan da muka saba sun tafi lafiya alhamdulillah. Buɗa baki na azumi a watan Maris an yi shi, lokacin Hajji a watan Yuni matasanmu sun taimaka wa alhazai 'yan uwanmu da fassara da nuna hanya, darasin Hausa na ranar Asabar ma bai tsaya ba sai dai yaran sun ragu bayan ijaza, wato hutun makaranta, a duba wannan. Ƙwallo kuwa ba sai na ce komai ba, ita ce ba a roƙon kowa ya zo.

Abin da zan daɗe a kai shi ne sabon shirin koya wa samari harbin bindigar iska, don shi ne ya fi jawo magana. Ranar da aka kawo shawarar a taron da muka yi a istiraha (gidan shaƙatawa) wallahi sai da wasu iyayenmu mata suka tashi tsaye, wata Hajiya ta ce mu da muke zaune a ƙasar mutane me ya haɗa 'ya'yanmu da bindiga, kuma ni ban ga laifinta ba ko kaɗan, tsoronta a kan hanya yake. Shi ya sa muka yi sharaɗi tun farko: ƙungiya ba ta saya ba ta ajiye bindiga ko ɗaya, komai a nadi (kulob ɗin wasanni) mai lasisi ake yi ƙarƙashin mudarrib ɗinsu, wato mai horarwa, bindigar tasu ce a can ake ɗauka a can ake mayarwa, kuma babu yaron da zai shiga sai waliyyinsa ya sa hannu da kansa. Harbi wasa ne da hukuma ta sani a nan Saudiyya, yana da tarayyarsa kamar sauran wasanni, amma dokar makami a ƙasar nan kun san ba a wasa da ita.

Ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba, bari in ɗan kwatanta. Babu albarushi a ciki, iska ce da aka matse a cikin silinda take tura ɗan harsashin dalma mai faɗin milimita 4.5, nisan kuma mita 10 ne, a cikin ɗaki. Ɗigon tsakiya da ke ba da maki 10 faɗinsa rabin milimita ne kacal, kamar ɗigon biro a takarda. A gasa ta ƙa'ida harbi 60 ake yi cikin minti 75 a tsaye, mafi girman maki a harbi ɗaya 10.9 in an samu tsakiyar ɗigon daidai, bindigar kuma ba ta wuce kilo 5.5, kuma tun 1984 a Los Anjalas wannan nau'in yake cikin Olamfik. Namu yaran ba su kai can ba tukuna, a zaune suka fara bindiga a kan matashi.

Makonnin farko ma ba wanda ya harba komai, har wasu suka fara ƙunƙuni wai an kawo su lacca. Mudarrib ya ce sai dokokin sun zauna a jiki: kowace bindiga ka ɗauke ta a matsayin tana da harsashi, bakinta kullum yana kallon wajen saiti, yatsa ba ya kusantar kunama sai ka shirya harbi, in ba harbi kake ba a buɗe ta a zura igiyar nan mai launin lemu ta fito ta baki yadda kowa zai gani daga nesa, in aka ce tsaya to kowa ya tsaya ko da numfashi ɗaya ya rage maka. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci saboda dalma guba ce. Malaminmu na Islamiyya, Allah ya saka masa, ya zo ya karanta musu hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim inda Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan uwansa da makami, da wanda ya ce mai wucewa masallaci ko kasuwa da kibiya ya riƙe tsininta kada ya ji wa wani ciwo. Na lura daga ranar yaran suka daina ganin abin a matsayin tsaurin mudarrib.

Ba zan ɓoye muku ba an samu matsala sau ɗaya. Wani yaro abokinsa ya kira shi daga baya, ya juya da bindigar a hannu, babu harsashi a ciki kuma igiyar na nan, amma bakinta ya bi ta kan mutane. Nan take aka tsayar da kowa, aka dakatar da shi sati biyu. Mahaifinsa ya kira ni da dare ransa a ɓace yana cewa ai ba abin da ya faru, na ce Yaya kai ma ka san ranar da abu zai faru ba za ta yi sallama ba, in muka ɗaga wa naka ƙafa gobe da wane baki za mu hana na wani. Mun daɗe a waya kafin ya sauko. Yaron ya dawo, yanzu shi ne ke fara duba igiyar kowa kafin a tashi, ba wanda ya sa shi.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne natsuwa. Wannan wasan ba na ƙarfi ba ne, mai gaggawa ba ya cin komai, sai ka daidaita tsayuwa ka sauke numfashi ka ja kunama a hankali kamar ba ka so. Yaran da jawwal (wayar hannu) ba ya barin hannunsu minti biyar na gan su da idona sun yi awa guda shiru. Akwai wani ƙaninmu da ba ya iya ƙwallo saboda asma, kullum a gefe yake zama, a nan shi ne kan gaba kuma mahaifiyarsa ita ce Hajiyar da ta tashi tsaye ranar taro, yanzu takardun saitinsa a jakarta suke tana nuna wa mutane.

Inda muka gaza shi ne mota da zuwan iyaye. Mutum biyu ne suka ɗauki nauyin kai yara da dawo da su duk shekara da man su, wannan bai dace ba. Kuma dan Allah iyaye maza ku riƙa leƙowa ko sau ɗaya a wata, sa hannu kaɗai bai isa ba. Sannan roƙo na musamman, kada wanda ya ce ɗansa ya iya sai ya nemo masa bindiga ya ajiye a gida ko ya kai shi bayan gari gwaji, kwamiti ya yanke duk wanda ya yi haka an cire yaron daga shirin, babu roƙo.

'Yan mata sun nemi nasu ajin, iyaye mata sun goyi baya, muna magana da nadi a samo mai horarwa mace da lokaci daban, in an dace za a fara bayan azumi in sha Allah. Rajistar sabbin ɗalibai daga shekara 13 zuwa 17 za a buɗe ranar taron wata mai zuwa bayan isha'i, a zo da yaron da igamarsa (katin izinin zama), waliyyi kuma ya zo da kansa. Masu mota da za su iya ɗaukar Asabar ɗaya a wata su rubuta sunansu a guruf kafin ranar.