Tsibirin Guam: Ana ƙirga ƙuri'arsu amma ba ta shiga lissafi

Malam Edita, barka da aiki.

Don Allah ka ba ni ɗan fili, duk lokacin zaɓen shugaban ƙasar Amurka jaridu sai maganar jihohin Pennsylvania da Georgia, ba mai waiwayar Guam, ni kuma abin yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi.

Guam tsibiri ne a tekun Fasifik, Amurka ta karɓe shi daga Sifen a 1898, mutanensa kamar dubu 150 da 'yan kai kuma tun 1950 'yan Amurka ne. Tun 1980 suna saka sunayen 'yan takarar shugaban ƙasa a takardar zaɓensu, mutum ya bi layi ya zaɓi nasa, ma'aikata su kwashe akwatuna a ƙirga tsaf a sanar, da yake agogonsu ya riga na Washinton da awa 15 sau da yawa sakamakonsu ne ke fara fitowa, amma ko ƙuri'a ɗaya ba ta shiga lissafi saboda ba su da kujera a kwalejin masu zaɓe, wato taron wakilan da ƙuri'arsu ce ke fitar da shugaban ƙasa a hukumance, jihohi 50 ne kawai da birnin Washinton ke da ita. A 2016 Hillary Clinton suka zaɓa, a 2024 Kamala Harris.

Abin da ya fi ƙona min rai, sansanonin soja sun cinye sama da rubu'in ƙasarsu, 'ya'yansu na shiga soja sosai, wakilinsu a majalisar wakilan Amurka ma ba ya kaɗa ƙuri'a in an zo zartar da doka. Haba Malam Edita, ku tura wakilinku ya yi mana rahoto a kansu mana.

Naka,
Mai karatu a kullum